Wutar Tarbar Tamaki

Suzuna ta jingine fartanyarta a jikin bishiyar kanya, ta ce da yarinyar da ke kusa da ita za ta je shan ruwa. Ta isa famfo ta wuce shi, ta bi ta bayan ɗakin kaji ta gangara. Gudun ke nan gaba ɗaya. Ba katangar da ta haura, ba karen da ya bi ta, domin Gidan Tudu ba shi da katanga tun da aka kafa shi. Hanya ce kawai ta sauko daga tudu ta ratsa gonakin shinkafa, kuma duk yarinyar da ta ga dama tana iya bin ta da rana tsaka, in dai ta yarda da abin da zai biyo baya.

Abin da zai biyo baya kuwa kowa ya san shi. Wadda ta fita ba izini, in an dawo da ita, makonni za ta yi tana cirar ciyawa ita kaɗai, ta ci abinci ita kaɗai, sannan a soke mata hutun zuwa gida. Wannan na ƙarshen shi 'yan mata suka fi tsoro. Shi kuma Suzuna ta sauko nema.

Gidan gyaran tarbiyya ne na 'yan mata, waɗanda kotu ko ofishin kula da yara ya turo. Kowane ɗaki akwai miji da mata da ke zaune tare da yaran, su ci tare, su yi noma tare. Na su Suzuna su ne Malam Shiomi da matarsa, kuma cikin shekara guda da ta yi a hannunsu ta ga masu gudu iri-iri. Wata saboda saurayin da ko gaisuwa bai taɓa aiko mata ba. Wata don ta buga waya gida sau biyu ba a ɗauka ba, alhali akwai ƙanenta ƙarami a gidan. Akwai wadda ta gudu ran da Malama ta shafa mata kai ta ce ta yi ƙoƙari. Ta ce ita duka ta saba da shi, wannan kuwa ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Manya na zama a ofis suna tambayar juna me gidan ya rasa da yaran ke gudu. Suzuna ba ta ga abin da ya rasa ba. A nan daga safe har dare sunanta ake kira, Suzuna ɗauko guga, Suzuna kin bar murfin tukunya, Suzuna rufe bakinki ana karatu, kuma ba ta taɓa gajiya da ji ba.

Laifinta ɗaya, ta cika kirki. Yau ce ranar farko ta Obon, ranar da matattu ke zuwa gida ganin danginsu, kuma da azahar za a saki masu hali nagari su je su yi kwanakin da iyayensu. Sunanta aka fara kira. 'Yan ɗaki suka yi mata tafi, ita kuwa ba abin da take tsoro kamar zuwa gidan.

A gida akwai mahaifiyarta, akwai kuma Tamaki, yayarta da kogi ya tafi da ita tana da shekara goma sha shida. Lokacin Suzuna tana 'yar firamare. Uwar ta yi jinya a asibiti mai ƙarfe a tagogi, ta dawo shiru-shiru, tana girki, tana gaida maƙwabta, kowa ya ce ta warke. Sai Suzuna ta fara tsawo. Kafaɗarta ta zama ta Tamaki, haɓarta ma haka. Wata safiya uwar ta miƙo mata kwanon shinkafa ta ce, "Ci da zafinsa, Tamaki." Suzuna ta ɗauka kuskuren baki ne. Daga ranar ba ta ƙara jin sunanta a gidan ba.

Ba ta faɗa wa kowa ba, ba kuma za ta faɗa ba. Ta taɓa zuwa dubiya asibitin nan, ta ga yadda uwarta ke zaune bakin gado da yawu a haɓa. In ta buɗe baki can za a mayar da ita. Saboda haka hanya ɗaya ta rage mata, ta yi laifin da zai hana ta zuwa.

Rana ta ƙwalle, ƙwarin bishiya sai tsuwwa suke kamar za su tsaga kunne. A ƙasan tudu, daf da inda mota ke tsayawa, akwai shagon tsohuwa Fumie. Suzuna ta zauna a bencin jiran mota, inda duk mai wucewa zai gan ta.

"Ke, 'yar Tudu," in ji tsohuwar daga ciki. "Shigo inuwa kafin ki narke mini a bakin shago."

"Mota nake jira, Kaka."

"Da wandon gona da takalmin roba? Motar ma sai yamma. Zo ki riƙe mini wannan, idona ya daina ganin ƙafar doki."

Kokwamba ce a hannunta da tsinkaye huɗu, za a yi dokin da mamaci zai hawo ya zo gida. Suzuna ta karɓa ta soka mata ƙafafun, ta tsayar da ita kan tebur. A gefe yalo ne baƙi, ƙato, an riga an yi masa nasa ƙafafun ya zama sa, abin hawan komawa.

"Marigayi maigidana ba ya son jira," in ji Fumie, tana zuba mata shayin sha'ir mai sanyi. "Da ransa ma haka yake, shinkafa ba ta nuna ba ya fara buga tebur. Shi ya sa nake zaɓar masa kokwamba mai tsawo, ya iso da wuri. Ranar komawa kuma ya hau sa, ya tafi a hankali, kada ya je can yana cewa korarsa na yi."

Suzuna ta sha shayin. Ta dubi wayar da ke rataye a bango, ta dubi tsohuwar.

"Kaka, ba za ki buga musu ba?"

Tsohuwar ta sauke tabarau kan hanci. "To fa. Na ga masu kuka a bencin nan, na ga masu zagi, akwai 'yar banzar da ta tafi mini da keke. Amma wadda za ta tuna mini in kira a kama ta, ke ce ta farko. Gudu kika yi ko yawon shan iska?"

"Gudu na yi."

"To ai ba ki iya ba." Ta miƙe da ƙyar ta nufi wayar.

Da ta dawo, Suzuna tana juya yalon a hannu. Ta ce, ba ta ɗago ba, "Kaka, in wanda ya zo ɗin ya ƙi komawa fa?"

"Su ba sa ƙi. Me za su zauna yi a wannan zafin? Sai dai in mutanen gida ne suka riƙe musu riga." Ta tsaya tana kallonta. "Kuna da wani a can?"

"Yayata."

"Ɗauki san nan ki kai mata. Ina da wani yalon a baya."

Ba a jima ba 'yar akori-kurar gidan ta tsaya a ƙofa. Malama Shiomi ta sauko, mace gajera mai kauri, hannayenta kamar na maƙeri, tana warin albasa don daga kicin ta taso. Ta sunkuya ta ba tsohuwar haƙuri, ta sake sunkuyawa, tsohuwar na cewa ba komai, ai yarinyar ma ta taya ta aiki. Suzuna ta shiga mota ta zauna, ta haɗa gwiwoyi, tana jiran faɗa. Zuciyarta ta yi sanyi irin na wanda ya sauke kaya.

Malama ta miƙo mata dunƙulen shinkafa a nannaɗe. "Ci. Kin bar abincin rana."

"Malama, na gudu."

"Kin sauko shago. Ni na aike ki sayo gishiri, haka na faɗa wa Shugaban gidan, haka kuma za ki ce in ya tambaye ki."

"Amma ai doka..."

"Na san doka, tun ba a haife ki ba nake bin ta. Shekara guda kina tashi kafin kowa, ko cokali ba ki taɓa ɓatarwa ba, sai in bar tafiyar rabin yini ta cinye miki hutu? Tsoro ne, Suzuna. Duk wadda ta daɗe ba ta gida sai ƙafarta ta yi mata gardama ranar tafiya. Ni ran da za a kawo ni gidan Malam amarya, a rumbun maƙwabta aka same ni." Ta yi dariya ita kaɗai, ta nuna baya da yatsa. "Ga jakarki can, 'yan ɗaki sun haɗa miki. Motar da ta kai sauran tasha ta tafi, kuma mahaifiyarki ta ce ba za ta iya baro gida yau ba. Ni zan kai ki har ƙofa."

Motar ta wuce mararrabar da ke hawa tudu, ta miƙi babban titi.

Suzuna ta riƙe shinkafar ba ta ci ba. Da suka tsaya a fitilar ba da hannu ta farko ta ɗora hannu kan mabuɗin ƙofa. Fita ba wuya, ja ɗaya ne. Amma in ta fita yanzu, maganar gishiri ta tonu, kuma wannan matar da ba ta taɓa yi wa Shugaba ƙarya ba sai yau, ita za ta tsaya gabansa kanta a ƙasa. Fitila ta ba da hannu, Suzuna ta mayar da hannunta kan cinya. Da duka Malama ta yi mata, da ya fi mata sauƙi.

Tafiya ta yi nisa. Gonaki suka ba da wuri ga duwatsu, duwatsu suka ba da wuri ga kogi, kuma tun daga inda kogin ya fara bin gefen titi Suzuna ta daina kallon taga. Obon ɗin bara take gani. Uwarta ta sa mata rigar bazara ta Tamaki, shuɗiya mai fararen furanni, ta gyara mata gashi yadda Tamaki ke yi. Ta dafa kifin da Tamaki ke so, wanda ita Suzuna ko warinsa ba ta so, ta kuma cinye. Kwanakin nan uwar ta yi ta dariya kamar da, har waƙa ta yi a kicin. Ranar rakiya da yamma ta fito da kasko ƙofar gida, ta karya karan rama ta kunna, kamar yadda kowane gida ke yi don baƙinsu su ga hanyar komawa. Sannan ta juyo ta dubi Suzuna da fara'a, hawaye na zuba, ta gyara mata wuyan riga ta ce, "To, sauka lafiya. Ki kula da hanya. Sai baɗi." Ta tsaya tana jira.

Suzuna ta tafi. Me za ta yi in ba tafiya ba? Ta bi layin har ƙarshe da rigar matacciya a jikinta, ta juyo ta ga an rufe ƙofa. Ta kwana a tasha, ta kwana a bayan kanti, ta bi wasu yara da suka koya mata abin da bai kamata ba. Ran da aka kama ta da kayan mutane a jaka, ɗan sanda ya tambaye ta sunanta, ta faɗa, ya maimaita yana rubutawa. Ta fashe da kuka, shi kuma ya ɗauka nadama ce.

"Mahaifiyarki mutuniyar kirki," in ji Malama, tana sauya giya. "Duk zuwanta sai ta kawo wa 'yan ɗaki alewa. Ba kowa ke da irinta ba, kin dai ga uwar Mikoto ta ɗakinku."

Suzuna ta ce, "Malama, kin taɓa jin ta kira sunana?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ai kullum tana cewa... 'yata. 'Yar nan tawa." Malama ta yi 'yar dariya, dariyar ta tsaya a hanya. Ta dubi yarinyar, ta mayar da ido kan titi.

Rana na faɗuwa suka shiga garin. Layin su Suzuna ya yi wa mota ƙunci, suka ajiye ta a baki suka taka. Hayaƙi siriri na tashi daga kowace ƙofa, mutane a tsugune gaban kaskonsu sun kunna wutar tarbar matattunsu, yara na kaɗa hayaƙin da hannu zuwa cikin gida. Wasu maƙwabta suka ɗago suka gan ta, suka yi saurin mayar da kai. A ƙofar ƙarshe, wadda ke kallon kogi, uwar tana tsugune. Ta rame, amma gashinta a ɗaure tsaf. Wutarta ta fi ta kowa girma, kuma shuɗiyar rigar nan na rataye a hannunta, an goge ta.

Ta ɗago. Fuskarta ta washe gaba ɗaya, irin washewar da Suzuna ke mafarkinta a Gidan Tudu ta farka tana jin haushin kanta.

"Sannu da zuwa, Tamaki," ta ce. "Kin sha hanya. Bana kin yi sauri."

Ta juya ga Malama ta sunkuya sosai. "Na gode da kika rako ta. Ba kowa ke yarda ya jera da masu zuwa daga can ba."

"Maman Suzuna," in ji Malama a hankali, "ni ce, Shiomi, daga makaranta. Suzuna na kawo miki."

"Suzuna tana can kan tudu," uwar ta ce, cikin ladabi, kamar mai gyara wa baƙo hanya. "Sun ce tana da kirki sosai. Ita ba ta zuwa." Ta buɗe rigar ta miƙo. "Zo ki sa, kifinki na kan wuta."

Ƙafafun Suzuna suka motsa da kansu. Ta san yadda Tamaki ke karkata kai in ta shigo, ta san yadda take jan muryarta in za ta ce ta dawo. Kwana kaɗan ne, za ta iya, ta taɓa iyawa. Hayaƙin ya shiga idonta, ta ji sunanta na sulalewa daga jikinta kamar rigar da ta yi mata yawa. Ta buɗe baki.

Hannu ya damƙi wuyan rigarta ta baya ya fizgo ta.

"Kuwahara Suzuna! Ina za ki? Wa ya ba ki izini?"

Muryar gona ce, wadda ake ji daga wannan kunya zuwa waccan. Maƙwabta suka ɗago. Malama ba ta saki rigar ba, ta sunkuya wa uwar da yarinyar a hannunta.

"Ki yi haƙuri. Wannan yarinyar ta gudu daga makaranta yau da safe, ta bar fartanya a gona. Doka ta soke mata hutu. Na kawo ta ne ta gaishe ki kawai, yanzu za mu juya. Suzuna, gaida mahaifiyarki."

Suzuna ta sunkuya. "Ina wuni, Mama. Ni ce."

Uwar ta dube ta tana ƙyafta ido kamar mai kallon rana. Leɓenta ya motsa, Suzuna ta riƙe numfashi tana jiran abin da zai fito. Sai karan rama ya yi ƙara a cikin kasko, uwar ta waiga da sauri kada wutar ta mutu.

"Ayya," ta ce, tana ƙara kara. "To ku sauka lafiya."

Suka koma mota. Malama ta juya kan akori-kurar, kuma a madubin gefe Suzuna ta hango ƙarshen layin. Ta zata uwar za ta biyo su da ido. Ba ta ko dubi wajensu ba. Ta miƙe, ta zuge ƙofa, ta matsa gefe guda da rigar a hannu, kanta a ɗan sunkuye, ta jira kamar yadda ake jiran mutum ya cire takalmi. Sannan ta bi baya ta rufe ƙofar. Wannan ya fi komai yi wa Suzuna ciwo. Ashe ko ba ita, Tamaki na samun hanya.

Sai da suka bar garin Malama ta yi magana. "Gobe zan kira ofishin yara, a sa wani ya zo ya duba ta. Ba zan ɓoye miki ba."

"Asibiti za su kai ta."

"Ban sani ba. Ba zan ce miki a'a ba, ban sani ba."

"Gishirin fa? Shugaba..."

"Wannan nawa ne, ba naki ba." Ta share hanci da bayan hannu. "Ciyawa kuwa tana nan tana jiran ki, Suzuna. Kada ki sa rai zan rage miki ko yini ɗaya."

"To, Malama."

Ta ci shinkafar a ƙarshe, ta huce ta yi tauri. Da ta gyara zama ta ji abu a aljihun wandonta, ta ciro. San tsohuwa Fumie ne, ƙafa ɗaya ta karye. Ta ɗora shi kan cinya ta riƙe. Ranar rakiya na nan tafe. Bara uwar ta kunna wutar ne don akwai wadda za ta tsaya gabanta ta tafi. Bana ba kowa, kuma Suzuna ta san uwar ba za ta kunna ba. Za ta zauna da Tamaki a ɗakin nan mai kallon kogi, ta zuba mata kifi, ta rufe tagogi, har sai wani ya zo ya karya karan rama a ƙofar.

Malama ta kunna fitilun mota, ta ce ta kishingiɗa ta yi barci, tafiyar da saura. Suzuna ta ce to. Ta jingina kai da gilashi, idonta a buɗe. Gada mai jan ƙarfe, sai a yi hagu. Gidan mai, sai a miƙe. Tana bin hanyar da ido tana haddace ta, kwana bayan kwana, yadda za ta gane ta in ta biyo ta a ƙafa.